Mun Je Masar Ɗaukar Hoton Kaluluwa

Tun da muka dawo ban huta ba. Duk wadda ta shigo barka da zuwa sai ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "To Maman Zara, ba mu labari." A Islamiyyarmu ta matan aure ma haka, har malamarmu sai da ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na ga dalar Fir'auna. Ban gan ta ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ta karanta in samu in huta. Na nemi izinin Abban Zara, ya ce in rubuta, amma kada in kuskura in sa shi yana kuka kamar mazan cikin littattafaina.

Waɗanda suka san ni sun san tun ina budurwa ba na rabo da littattafan soyayya. A cikinsu kullum ango yana ɗaukar amarya ya kai ta ƙasar waje, su tsaya a bakin ruwa iska tana kaɗa mayafinta. Ni kuwa mijina mai walda ne a Tudun Wada ta Minna, shekararmu ashirin da biyu da aure, kuma wuri mafi nisa da ya taɓa kai ni shi ne Bida, garin iyayena. Ashe rabona yana nan, sai dai ta ƙofar asibiti zai zo.

Ya yi wajen shekara yana ganin jini idan ya zaga, muna cewa basir ne, ana ta jiƙa saiwoyi. Sai da ya fara ramewa wani likita a nan Minna ya sa aka leƙa cikin da na'ura, aka ciro ɗan nama aka auna. Ciwon daji ne a ƙarshen hanji, sama da dubura kaɗan. Likitan ya zana mana a takarda. Ya ce hanjin yana naɗe cikin kitse, a cikin kitsen kuma akwai 'yan ƙwayoyi irin kaluluwar nan da ke fito wa mutum a hammata. Idan ciwon zai yi tafiya, ta cikinsu yake fara bi. Kafin a san irin maganin da za a yi, sai an ɗauki hoton da ake kira MRI an ga ko ya shiga kaluluwar, in ya shiga kuma ina ya tsaya.

Ana yin hoton a Abuja, amma yayansa Alhaji Bala, wanda ke sarin jallabiya daga Masar, ya kafe a kan sai can, don likitan tiyata ma ya gan shi a tafiya guda. Ana gobe za mu tashi, da yamma ina ninke kaya, Abban Zara ya ce, "Hauwa, ki ji da kyau. Idan hoton nan ya nuna abin ya yi nisa, ba wanda zai yanka ni. Ki dawo da ni ɗakina." Na ce to. Na ci gaba da ninke riga guda har sau uku.

Da safe muka shiga mota zuwa Abuja. Zama yana ba shi wahala, don haka na ɗinka masa matashi mai rami a tsakiya da ragowar atamfar ankon bikin ƙanwata, ja da ruwan ɗorawa. Ya ce shi ba zai riƙe wannan abu a tasha ba. Kafin mu kai Paiko da kansa ya ce in miƙo. Wani dattijo da ke kusa da shi ya duba ya ce, "Malam, basir ko?" Ya ce, "Shi ne fa." Daga nan har Suleja dattijon bai yi shiru ba, ya lissafo mana magani ya fi goma, har da wanda ake haɗawa da man kaɗanya a zauna a kai.

Jirgi kuwa, ni da nake karanta yadda jaruma ke jingina kanta a kafaɗar masoyinta tana kallon gajimare, sai ga ni na damƙe hannun kujera ina salati da ƙarfi. Shi yana ta taga, ya manna fuska yana duba ƙusoshin fiffike. Ya juyo ya ce, "Wanda ya yi aikin nan ya san aiki." Wannan ita ce kalmar soyayyar da na samu a sararin samaniya.

A filin jirgin Alƙahira aka ce in buɗe jaka. Na zo da kuka, daddawa, busasshen kifi da ƙuliƙulin Bida, don na ji an ce ba su da miya. Ma'aikacin ya buɗe robar daddawa, ya ja da baya har hularsa ta karkace. Ya ɗago ƙuliƙuli yana juyawa, na yi masa alama da hannu cewa ci ake yi. Ya gatsa. Na ji ƙarar daga inda nake. Ya dafe muƙamuƙi, abokan aikinsa suna dariya, ya yi mana hannu mu wuce. Kifin ne kawai suka riƙe.

Wadda ta tarye mu wata dattijuwa ce mai jiki, Hajja Batula. Ita Alhaji Bala ya haɗa mu da ita, ita ke sama wa 'yan Najeriya masauki ta kuma yi musu tafinta a asibiti. Bahausar Sudan ce. Kakanninta sun tashi aikin Hajji a ƙafa suka zauna a hanya, ita ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma ta rungume ni ta ce, "Maraba da mutanen gida, kun sha hanya." Hausarta irin ta tsofaffi ce, tana yi tana yayyafa Larabci. Ta tambaye ni Minna tana kusa da Katsina ne, na ce da ɗan tafiya.

Masaukinmu yana hawa na biyar. Akwai wani keji na ƙarfe da ke hawa da mutane, Abban Zara ya duba waldarsa ya ce gara matakala, sai da ciwo ya sa ya haƙura. Abin da ya fi burge ni shi ne kwando. Kowace mata tana da kwando ɗaure da igiya a barandarta. Mai gurasa ko mai kayan miya yana wucewa, ta ƙwala masa kira, ta zuro kwandon, ya sa mata, ta janye. Ba mayafi, ba takalmi, ba aike. Na ce da a Sauka Kahuta ne, unguwar da na tashi a Minna, kafin kwandon ya kai sama akuya ta gama da shi. Ranar da na gwada, igiyar ta suɓuce mini, tumatir ya watse a kan titi, matar da ke ƙasa da mu ta leƙo tana cewa "Ma'alesh, ma'alesh," wato ba komai. Kalmar nan ba abin da ba ta gyarawa a garin.

Karin kumallonsu wake ne da aka dafa har ya narke, da mai da lemun tsami, a dangwala da gurasa. Akwai kuma wani abinci da suke haɗa shinkafa da taliya da wake a kwano guda su zuba soyayyar albasa. Abban Zara ya ce wannan ai kamar an share kasuwa aka dafa. Ni na so shi. Gurasa kuwa suna girmama ta, in gutsure ya faɗi a titi sai mutum ya ɗauka ya ɗora a kan katanga. Mazansu suna gaisawa da sumbatar kumatu. Mai gadin gidanmu ya yi wa Abban Zara haka a rana ta uku, ya sandare kamar an dasa shi, ya hau sama yana cewa, "Ko Yaya Bala bai taɓa matsowa kusa da ni haka ba."

An fara da hoton ƙirji da na hanta, aka ce waɗannan lafiya lau. Saura babban. Ranar muka je da wuri, ya sha abin da aka ce ya sha, ya canza riga. Wata ma'aikaciya ta zauna da takarda tana tambaya, Hajja Batula tana fassarawa. Na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske, ba a shiga da ƙarfe. Akwai batir a zuciyarsa? Babu. An taɓa sa masa ƙarfe a ƙashi? A'a. Harsashi? Allah ya kiyaye. Ƙarfe ya taɓa shiga idonsa?

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Ya taɓa mana!"

Ya juyo ya harare ni. Amma yaya zan yi shiru, alhali ranar ce muka haɗu? Kakata, da muke kira Nnako, ta shahara a Sauka Kahuta da cire abu daga ido da harshe. Ta koya ne a Bida wajen uwarta. Ƙaiƙayi, yashi, ƙwaro, duk kawo mata ake yi. Ina shekara goma sha bakwai aka jawo wani saurayi ɗan koyon walda, ya rufe ido ɗaya da tsumma, tartsatsin ƙarfe ya faɗa masa. Nnako ta kuskure baki da ruwan gishiri, ta kwantar da kansa a cinyarta, ta juya fatar idon, ta zura harshe sau ɗaya, ta tofa wani baƙin ɗigo a farar tasa. Ni ce na riƙe tasar. Ya buɗe jajayen idanunsa, abin da ya fara gani a duniya ni ce, cikin shuɗin mayafi, zuciyata tana bugawa kamar za ta fito.

Duk wannan na faɗa, har da mayafin. Hajja Batula tana fassarawa, da ta zo wajen harshe sai ta tsaya ta ce, "Yarinya, harshe kika ce? Na baki?" Na ce shi. Ma'aikaciyar ta ajiye biro, ta kira wata, waccan ma ta kira wani. Abban Zara ya ce, "Ni ban ga kowa ba ranar, hawaye ne cike da idona. Kuma abin da aka cire shekara ashirin da biyar, me ya kawo shi nan?"

Likitan hoton ya fito, wani siriri mai furfura. Ya yi bayani a hankali. Idan akwai ragowar ƙarfe a cikin ido, maganaɗisun zai iya motsa shi, mutum ya shiga da ido ya fito babu. Don haka yau ba hoto. Sai an ɗauki hoton ƙashin fuska an duba. Idan aka ga ƙarfe a cikin ƙwayar idon, to MRI ta haramta a gare shi, sai a koma wasu hotunan da ba su kai ta nuna kaluluwa ba.

Muka koma masauki. Da muka hau sama ya ce, "Da kin riƙe bakinki da yanzu mun san matsayinmu. Mun ƙetare ƙasa da ƙasa saboda hoto ɗaya, kin zo kin ba su labarin littafi." Na shiga kicin na kaɗa miyar kuka, hawaye yana ɗiga a murfin tukunya. Abin da ke cina shi ne ko gaskiyarsa ce. Washegari kuma Juma'a, sashen a rufe, su ranar Lahadi ce farkon makonsu. Kwana biyu muka yi a ɗaki ɗaya, yana yi mini magana ta bakin Hajja Batula. Ita kuwa ta ce masa, "Ɗana, ni tafintar Larabci ce. Hausa da Hausa ku yi da kanku."

Da aka ɗauki hoton fuskar, likitan ya kira mu ya nuna wani farin ɗigo kamar ƙwayar gero. Ya ce mu kwantar da hankali, idon kansa fes yake, wannan a cikin fata yake, ƙarƙashin girar hagu, amma ya yi kusa da ido ƙwarai, gara a cire. Likitan ido ya kashe wurin ya ciro shi cikin 'yan mintuna. Na ce, "Allah ya jiƙan Nnako, nata aikin ba saura." Abban Zara ya taɓa filastar ya ce, "Wannan na san shi. Na waldar ƙofar wani lakcara ne a unguwar Bosso." Sannan ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Shuɗi ne mai ratsin fari." Na ce me? Ya ce, "Mayafin." Hajja Batula ta ce wallahi ita za ta fita ta ba mu wuri.

Ranar hoton na roƙa aka bar ni na shiga da shi. Sai da na cire 'yan kunne, zobe da allurar ɗankwali, aka kuma yi mini tambayoyin da aka yi masa. Ɗakin sanyi ƙalau, na'urar kamar ƙatuwar rijiya da aka kwantar. Aka yi masa allurar da ke sa hanji ya lafa, aka toshe mana kunnuwa, gadon ya zura shi ciki ta ƙafa, kansa yana kusa da baki. Aka ce kada ya motsa. Sai ƙara ta tashi, gaf-gaf-gaf, ta canza murya, ta koma kamar injin markaɗe. Na ɗora hannu a kan sumarsa da ta fara fari, ina karanta duk abin da na haddace. Fiye da rabin awa ko yatsa bai ɗaga ba. Da aka fito da shi ya ce wa Hajja Batula ta gaya musu injinsu yana buƙatar mai. Ta ƙi fassarawa.

Sakamako sai bayan kwana biyu. A tsakani na ce sai an kai ni kogin Nilu. Muka shiga wani jirgin ruwa mai filafilai da la'asar. Shi ba ya iya zama a kan katako, matashin kuma ya ce ba zai fito da shi gaban Larabawa ba, don haka ya tsaya riƙe da sanda, ni ina zaune a gefen ƙafarsa. Iska ta kaɗa mayafina yadda aka rubuta, sai dai ta wuce da shi cikin ruwa, mai jirgin ya kamo da gora yana "Ma'alesh." Na dawo gida da jiƙaƙƙen mayafi, raina fari tas.

Likitan tiyata da na hoto suka zauna da mu tare. Aka kunna allo. Ni ban ga komai ba sai toka-toka, kamar an yanka tsiren hanji an ɗauki hotonsa. Likitan hoto ya sa bakin biro yana nunawa. Ga hanjin, ga ciwon a bangonsa, ga kitsen da ya naɗe shi. A cikin kitsen akwai 'yan ɗigo-ɗigo. Ya ce kaluluwa mai lafiya doguwa ce kaɗan kamar ƙwayar wake, gefenta sumul. Wadda ciwo ya shiga takan kumbura ta yi ƙwallo, gefenta ya yi zago-zago, launinta ya haɗu. Ya ƙirga mana masu kyau. Sannan ya tsaya a kan guda biyu, dab da ciwon. Ya ce waɗannan bai yarda da su ba.

Na ji ɗakin ya yi mini nisa. Ya shiga, ke nan. Na kalli Abban Zara, maganar da ya yi mini ina ninke kaya tana yawo a kunnena.

Likitan ya ci gaba. Ya ce hoto ba ya rantsuwa, tabbas sai ranar da aka ciro su aka auna. Amma biyun nan suna cikin kitsen da dama tare da shi ake cirewa a tiyata. Ya matsar da hoton gefe da gefe, ya nuna wuraren da ke jikin ƙashin ƙugu, da na sama, ya ce can bai ga abin tsoro ba. Likitan tiyata ya karɓa ya ce saboda biyun nan ba za a fara da wuƙa ba. Za a fara da gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, da magani na wasu makonni don ciwon da kaluluwar su motse, a huta, a sake hoto, sannan a yi aiki. Gashin za a iya yi a Abuja.

Abban Zara ya matso da kujerarsa har gaban allon. Ya daɗe yana kallo, irin kallon da yake yi wa ƙarfen da aka kawo masa gyara. Ya ce wa Hajja Batula, "Tambaye shi, daga inda abin ya tsaya zuwa inda ba a iya taɓawa, akwai wurin kamawa?" Likitan ya auna a allon, ya nuna masa tazarar da yatsu biyu, ya ce akwai. Abban Zara ya sake tambaya ko bayan tiyata za a bar shi da jakar bahaya manne a jikin cikinsa har abada, don sallarsa yake ji. Likitan ya ce yadda ciwon yake sama kaɗan, yana sa ran ta ɗan lokaci ce, amma ba zai yi masa alkawari ba sai ya ga hoto na biyu. Abban Zara ya gyaɗa kai ya ce, "Mai aikin da ya ce sai ya gani, shi ne mai aiki." Ni kuwa na kasa tambayarsa ko wannan a wurinsa nisa ne ko kusa.

Muka yi sallama da Hajja Batula a filin jirgi, na bar mata sauran kuka da daddawa. Ta sansana ta fashe da kuka, ta ce ƙamshin ɗakin kakarta ke nan. A jirgi Abban Zara ya yi barci. Daga Abuja muka kamo hanya, har muka tsaya a Lambata direba zai sha ruwa bai ce zai yi gashin ba, bai ce ba zai yi ba.

Muna tsaye a inuwa ina ɓare masa ayaba, wayarsa ta yi ƙara. Wani mutum ne da ke gini a bayan Bosso, yana son ƙofar gida babba mai ganye biyu. Tun da aka gaya masa sunan ciwon, Abban Zara ya daina karɓar aikin da zai wuce mako guda, duk wanda ya zo sai ya tura shi wajen wani. Na ji yana cewa, "Alhaji, ina da jinya a gabana. Za a yi mini gashi, sannan tiyata, zai ɗauki watanni." Ya saurara. "A'a, kada ka ba kowa. Ka sa langalanga ka tare wurin tukuna. In Allah ya yarda ni zan yi maka ita da hannuna."

Ya kashe wayar ya miƙo hannu. Na ba shi ayabar, na juya ina kallon masu sayar da doya a bakin titi har idona ya bushe. Direba ya danna ham, muka shiga.